Sakatar Uwargida

Ni dai a kan aikin ƙarfe ban taɓa yi wa kowa kawaici ba. Sunana Abdourahamane, ɗan Damagaram. A shekarun da nake ba ku labari, in ka shiga Gurda, unguwar magina da 'yan ƙwadago a garin Sabha, can ƙasar Larabawa bayan sahara, ka ce a kai ka wurin mai waldar da ɓarayi ke zagi, ba wanda zai tambaye ka wanne. Ni ne. Tagar da na yi wa ƙarfe, ɓarawo sai dai ya tsaya ya kalla, ya yi tsaki, ya wuce gidan maƙwabci.

Lokacin ne ake ta cewa Afirka ɗaya ce. Duk inda ka juya allo ne da taswirar Afirka kore shar, rediyo na kiran mu 'yan'uwa, aka ce a zo, ƙofa a buɗe take. Muka zo kuwa, har da na goye. Gari ya cika, gini ya tashi, sata ma ta tashi, kuma mu baƙi ake ɗora wa laifin ko mun ɗauka ko ba mu ɗauka ba. Duk Balaraben da ya gina gida a Sukra, inda masu hali suke, sai ya nemi ƙarfen taga. Abin dariya, mu ake tsoro, kuma mu ake kira mu yi maganin tsoron.

Sana'ar a hannun Malam Habibullah na koye ta, can gida. Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai faɗan tsiya, amma yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya wasa da ita. Yana saurayi ya ga gobara ta cinye wata mata da 'ya'yanta biyu da rana tsaka, maza sun taru a waje suna jan ƙarfen taga, ƙarfe ya ce bai san zancen ba. Tun daga ranar, duk ginin da ya yi wa tagogi sai ya bar guda ɗaya mai buɗuwa daga ciki. Daga waje ba ka bambanta ta da sauran. Amma can ƙarƙashin bakin tagar, inda yatsa kaɗai ke shiga, akwai 'yar sakata a ɓoye. Ka ja ta, ƙarfen duka ya buɗe kamar ƙyaure. Yana kiran ta sakatar uwargida, don matar gida kaɗai ake nuna wa. Ita ce ke gida sa'ad da wuta ke tashi, in ji shi, kuma namiji in ya zauna shan shayi cikinsa ba ya riƙe magana.

To a Sabha ina ni ina ganin matar Balarabe? Ko inuwarta ba a bari ka taka. Shi ya sa aikin nunawa ya koma hannun matata, Fourera. Duk gidan da na gama, sai ta saka mayafinta mai kyau, ta shiga wurin matan, ta kama hannun uwargida ta kai yatsanta kan sakatar. Ta fito da turare a jiki da labari a baki. Tana sayar da tuwo da miyar kuka ga 'yan ƙwadago a bakin titin Gurda, amma wannan aikin nunawa ya fi mata komai daɗi. Takan ce, «Usta, kai ka iya rufewa, ni na iya buɗewa, sai a ce waye babba?» Usta shi ne yadda Larabawa ke kiran mai sana'a, ita kuma da shi take tsokana ta.

Abu ɗaya ke damun ta, ciwon fuka. In ya taso mata, ƙirjinta sai ya riƙa fito, idanunta su firfito. Tana da ɗan abin shaƙa shuɗi da take matsawa a baki, kullum yana cikin 'yar jakarta tare da goro da canji. In ba shi, Fourera ba ta kai ko'ina.

Wata rana wani Balarabe, Haj Salah, ya tsaya da motarsa a gaban rumfata. Ya yi fatauci zuwa Agadez shekaru, yana jin Hausa irin ta kasuwa.

«Usta, an ce kai ne sarkin taga.»

«An dai faɗa, ya Haj.»

«Akwai magaza nawa a gona, bayan gari. Taga takwas. Wani mai walda ya yi, ɓarawo ya zo da jak na mota, ya buɗe ƙarfe kamar bakin jaki. Kai ma haka naka?»

Kai! Nan fa ya taɓa ni inda ke mini ƙaiƙayi. Na ce masa in jak ya buɗe nawa, ya zo ya kwashe injin waldata kyauta. Ya yi dariya, ya buɗe mini ƙofar mota.

Magazan babban ɗakin ajiya ne na bulo, rufin kwano, a tsakiyar itatuwan dabino. Na auna tagogi. Ina cikin awo ya ce yana son sharuɗɗa biyu. Na farko, notunan da ke riƙe ƙarfe a bango su kasance ta waje. Na ɗago na dube shi. Ko yaron da ya fara koyon walda jiya ya san noti ta ciki ake sa shi, don kada ɓarawo ya zo da sifana ya kwance. Tagar da notinta ke waje, ba na waje aka yi ta domin ta hana ba.

Ya ce, «Ka ɗaure, ka bi kansu da walda, ba mai kwancewa. Ciki kaya zai cika, ba wurin aiki.»

Na biyu, ya ji labarin sakatata, kuma ba ya son ta.

Na ce, «Ya Haj, ƙa'idar maigidana ce. In wuta ta tashi fa?»

«Dabino da taki zan zuba. Dabino yana gudun wuta?»

Ba zan yi muku ƙarya ba, da idona na ga magina suna haƙa masai har rami shida a ƙuryar magazan, a ciki. Na ga ƙofar ƙarfen da aka kawo, ba ta da mariƙi ta ciki. Dabino ba ya zagayawa, wannan ko jaki ya sani. Amma aka ce baƙo makaho ne ko da idonsa, ni kuma na rungumi makantar da hannu biyu. Abin da ke kaina a lokacin shi ne jak ɗin nan, da bakin jakin nan, da yadda za a ce ɗan Damagaram ya fi kowa.

Na yi aikin da ban taɓa yin irinsa ba. Na je wurin masu fasa tsofaffin motoci na sayo sifirin kamiyo, wato babbar motar kaya, ƙarfen da zarto ba ya ci, na yanka shi da wuta na jera tsaye, tsakaninsu yatsa biyu. Na binne ƙafafunsa cikin siminti tsawon kamu ɗaya, kowace ƙafa da ƙugiya. Sannan na bi da raga mai kauri, don akwai ɓarayin da ke zura sanda mai ƙugiya su jawo kaya, idon ragar yatsa ɗaya ke shiga, shi ma da ƙyar. Na shafe su da baƙin fenti har suna ƙyalli. Ranar da na gama, Haj Salah ya kawo jak da kansa. Ya rasa ma inda zai saka bakinsa. Kaina ya kumbura kamar tulu.

Da na dawo gida a Tayuri, inda muke haya, Fourera ta tare ni da ruwa.

«Usta, yaushe zan je nunawa? Na wanke mayafina.»

Na ce, «Ba mata a can. Ni na nuna wa mai wurin da kaina.»

«Amma dai ka sa?»

«Haba Fourera, yau na fara?»

Ta ce to madalla, ta zuba mini tuwo. Na ci, har na nemi ƙari.

Wata takwas aka yi. A cikinsu iska ta juya. Allunan Afirka suna nan inda suke, rediyo bai daina cewa 'yan'uwa ba, amma sai aka fara tare mutane a hanya ana tambayar takardar zama. Ni ina da tawa, wani mai gini ya tsaya mini. Fourera ba ta da ita, don lokacin da ta shigo ba wanda ya tambaye ta ko sunanta. Na yi ta cewa zan nema mata, gobe, jibi, aiki ya yi yawa.

Ranar wata Litinin da hantsi ina tsugune ina walda, sai ga Saoudé, maƙwabciyarmu mai sayar da ƙosai kusa da Fourera, ta faɗo rumfar ba takalmi a ƙafarta.

«Baban gida, an kwashe su! Motoci biyu suka zo da masu kaki. Ni na faɗa bayan shagon wani tela, ita tana tsakar kwashe tuwo.»

Ta miƙo mini abin da ke hannunta. Jakar Fourera ce, an bar ta rataye a jikin benci. Na buɗe. Goro, canji, da abin shaƙa shuɗi.

Kwana uku ina yawo. Ba ofishin da ban leƙa ba, ba ƙofar da ban tsaya ba. Wannan ya ce ba su ba ne, wancan ya ce dawo gobe, wani ya karɓi takardata ya juya ta gaba da baya ya ce in gode wa Allah da ba a haɗa da ni ba. Ni da nake ɗaga murya a kan almajirin walda in ya karkata layi, sai ga ni ina cewa ranka ya daɗe ga yaron da bai wuce sa'an ɗan cikina ba. Har yau ban san ko mutanen wace hukuma ba ne suka kwashe su, ko ma na hukuma ne.

Ranar Alhamis da safe Hamed ya same ni. Direban tankar ruwa ne, na taɓa liƙe masa tanki. Ya ja ni gefe.

«Usta, inda ake tara mutane a gari ya cika. Matan an kai su wata gona. Ni nake kai musu ruwa. Wani magaza ne cikin dabino, tagoginsa baƙaƙe, wallahi ban taɓa ganin ƙarfe irinsa ba, ko iska da ƙyar take shiga.»

Na ce, «Taga nawa?»

Ya ce bai ƙirga ba. Ni na ƙirga masa. Ya ƙara da cewa ya ji masu gadi suna zancen gobe Juma'a da asuba kamiyo zai kwashe su zuwa iyaka. Kwana da kwanaki a bayan buɗaɗɗiyar mota, cikin ƙurar sahara. Mai lafiyar ƙirji ma yakan sauka yana tarin jini.

Na tafi gidan Haj Salah a Sukra. Ya fito da jallabiyar barci, ya saurare ni har na gama, bai ko ce in shigo ba.

«Magaza na ba da haya, usta. Abin da ke ciki ba nawa ba ne.»

«Ya Haj, ka ce mini dabino.»

«Kai ma ka ga masai,» in ji shi.

Ya buɗe tafukansa sama, ya ce Allah galib, abin da suke faɗa ke nan in sun wanke hannunsu daga magana. Ya rufe ƙofa. Ƙarfen tagar falonsa ma aikina ne, da sakatarsa a taga ta uku, Fourera ce ta nuna wa matarsa.

A bakin gonar masu gadi biyu ne da bindiga. Na nuna musu abin shaƙar, na kwatanta da hannu, na haɗa Larabcina na kasuwa da rantsuwa. Ban ce a sake ta ba, na ce a miƙa mata wannan kawai. Babban cikinsu ya ce an hana shigar da komai, kuma in na ƙara minti ɗaya a wurin zai nema mini wuri inda ake tsare maza. Na juya.

Amma na yi sati uku ina aiki a gonar nan, na san katangar baya ta zube a wajen rijiya. Kuma na san mutanen garin, in rana ta take bayan azahar, ko yaƙi ake sai sun kwanta. Na koma rumfa na ɗauko zarto da ruwansa sababbi guda uku. Na san aikin banza ne. Ni na zaɓi ƙarfen. Amma mutum ba ya zuwa wurin matarsa hannu rabbana.

Da ƙarfe biyu da rabi na tsallaka katangar. Ƙasa na ƙuna ta cikin takalmi. Tun kafin in kai bango na ji warin, na kuma ji gunjin mutane da yawa a wuri ɗaya, ƙasa-ƙasa, kamar amya. Na jawo bulo biyu na taka, na manna fuskata a ragar taga ta baya. Zafin da ya bugo ni daga ciki ya fi na waje. Duhu ne, sai fararen idanu.

Na ce a hankali, «Fourera. Fourera 'yar Damagaram, mai tuwo.»

Sunan ya bi ɗakin daga baki zuwa baki. Can sai na ji fiton ƙirjinta, tun kafin in gan ta. Mata biyu ne suka riƙo ta, suka ɗora ta kan wani abu don ta kai tagar. Leɓunanta sun yi fari sun tsage.

«Usta,» in ji ta. Har da ɗan murmushi. «Ka makara... tuwo ya ƙare.»

Na ciro abin shaƙar na kai jikin raga. Bai shiga ba. Na juya shi ta gindi, na juya ta baki, na cire murfin, na zare 'yar kwalbar daga cikin robar na gwada ta ita kaɗai. Ko rabin kanta bai wuce ba. Na sa zarto a ragar. Ruwa na farko ya yi ƙara ƙiii, haƙoransa suka zube kamar gero. Ragar a jikin sifirin take, kowane ido na ɗiga masa walda, saboda a lokacin ina son ko bayan shekara hamsin a ce wane ne ya yi. Na sa na biyu. Wata murya daga ciki ta ce don Allah in bari, ƙarar za ta tayar da masu gadi.

Na ce, «Kawo bakinki nan. Manna shi a ragar.»

Ta manna. Na mayar da kwalbar, na dafa bakin abin a daidai nata, ƙarfe a tsakaninmu, na ce ta ja, na matsa. Rabi ya bi iska, rabi ya shiga. Muka sake. Muka sake. A na huɗu na ji fiton ya ɗan lafa. Ta jingina goshinta a ƙarfen, ƙarfen da zafinsa zai gasa ƙwai, ba ta ko janye ba. Na zura ɗan yatsana ta idon raga, ta kama shi da nata biyu. Kuka nake yi, ba na ɓoye muku, ƙato da ni a kan bulo biyu.

Da numfashinta ya dawo sai ta matso da bakinta, ta yi ƙasa da murya.

«Tun ranar da aka shigo da mu na gane aikinka. Na ce musu kada kowa ta tayar da hankalinta, mijina ne ya yi tagogin nan, kuma bai taɓa rufe ɗaki bai bar wa mace hanya ba. Mu arba'in da wani abu ne a nan, akwai masu ciki, akwai mai jego. Kwana uku muna lalube, bi da bi. Ka ɓoye ta da kyau wannan karon, Usta. Wacce ce?»

Duk idanun nan suna kaina.

Na buɗe baki. Wallahi na so in ce ta biyar, ko ta bakwai, ko wani abu. Harshena ya ƙi. Na dubi notin da ke gefen hannuna, ta waje, da ɗigon waldar da na rufe kansa da shi, sumul, ba ko ƙuraje.

Fourera ta daɗe tana kallo na. Shekara goma sha ɗaya muna tare, ba ta buƙatar in yi magana. A hankali ta saki yatsana. Ba ta zage ni ba, ba ta ce ka yi mini ƙarya ba, da ma ta faɗa. Ta juya wajen matan, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ɗaga murya iya yadda ƙirjinta ya bari.

«Ya ce tana nan. Tsatsa ce ta kama ta. Ya ce mu ci gaba da nema.»

Na ji wata ta ce alhamdulillahi. Daga can gaba kare ya fara haushi, aka yi gyaran murya a ɗakin masu gadi. Matan suka sauke ta, duhu ya haɗiye ta. Na kira sunanta sau biyu, ba ta dawo ba.

Da gari ya waye na koma, na tarar da sawun tayoyin kamiyo a bakin gona, masu gadi sun tafi, ƙofar magaza a hangame. Daga baya na sayar da injina na bi hanyar, har Dirkou, har Agadez, har gida, ina tambayar duk wanda aka sauke. Ban sami wanda ya ce ya ga saukarta ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda na gani da safiyar nan.

Na shiga ɗakin, karo na farko tun da na gama shi. Takalma warin ƙafa, tsummoki, gwangwanin ruwa. Na je taga ta farko na duƙa na leƙa ƙarƙashin bakinta, daidai inda nake sa sakata. Baƙin fentin da na shafa har sau biyu ya goge tas, ƙarfen ya fito fari yana ƙyalli kamar cokali. Na je ta biyu, haka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har takwas, abin shaƙarta yana cikin aljihuna. Ba wadda suka tsallake.